Wane Fim Ɗin Ban Tsoro Ne Ya Fi Kowanne? Tambayoyi da Amsoshi ga Masu Gidan Kallo da Masu Turi

Daga Ringim har Gaya, duk gidan kallon da ake saka fim bayan an tashi daga ƙwallo, gardamar wane fim ɗin ban tsoro ne sarki ba ta ƙarewa. Masu turi a rumfunan kasuwa kuwa ba ranar da ba a miƙo musu memori a ce, "Oga, tura min wanda ya fi ban tsoro." Tambayoyin da suka fi dawowa ne aka tattara a nan, masu sauƙi a sama, masu zurfi a ƙasa.

Ba tare da zagaye-zagaye ba, wane fim ne na ɗaya?

The Exorcist na 1973, wanda William Friedkin ya ba da umarni. A jerin da masana fim ke fitarwa, fim uku ne ke karɓa-karɓa a sama: shi, da Psycho na Alfred Hitchcock na 1960, da The Shining na Stanley Kubrick na 1980. Mun fifita The Exorcist saboda yana da gwanintar aiki, kuma har yau yana hana mutum barci. Labarin yarinya ce 'yar shekara 12 da shaiɗani ya shige ta. Uwarta ta gama zagayen asibiti, likitoci suka ce abin ya fi ƙarfinsu, sannan aka kira limaman coci.

Sai dai na ɗaya a girma daban, wanda zai hana ɗan ƙauyenmu fita fitsari da dare daban. Shi ya sa jeri biyu muke ajiyewa. Na farkon yana cikin amsar goman farko, na biyun yana cikin amsar finafinan Turkiyya.

Me ke shiga sahun ban tsoro, me ba ya shiga?

Duk fim ɗin da babban nufinsa shi ne ya dasa tsoro a zuciyar mai kallo ya shiga. Akwai na aljanu da fatalwa, na mai kisa da ke bin mutane ɗaya bayan ɗaya, na dodo, na gawarwakin da ke tashi, da kuma wanda tsoron cikin ƙwaƙwalwa yake, har ka rasa ko gidan ne ke da iska ko mutumin ne ya taɓu. Fim ɗin faɗa mai yawan jini bai shiga ba, don jarumi ne ke farautar bos. A na ban tsoro jarumin ake farauta.

Guda biyu ake yawan musu a kansu: Jaws na 1975 da The Silence of the Lambs na 1991. Jaws mun saka shi, domin dodo dodo ne ko da kifi ne. Na biyun rabinsa binciken 'yan sanda ne, wanda ya cire shi bai yi laifi ba.

Me ya sa jerin da ke intanet ba sa zuwa ɗaya?

Kowa da ma'auninsa. Kamar hatsi ne a kasuwar Gujungu: kafin ka yi ciniki, tambayi da wace tiya aka auna.

Cibiyar finafinai ta Amurka, AFI, ta fitar da jerin finafinai 100 masu tayar da hankali a 2001, ta sa Psycho a farko, Jaws na biyu, The Exorcist na uku, amma finafinan Amurka kaɗai ta duba. Mujallar Sight and Sound ta Ingila tana tambayar masana duk bayan shekara goma tun 1952. A zagayen 2022, da mutum sama da 1,600 suka jefa ƙuri'a, Psycho da The Shining da Get Out sun shiga ɗarin farko na duk finafinan duniya, sai dai gwaninta suke aunawa, ba tashin tsikar jiki ba. Na shafin IMDb makin 'yan kallo ne daga 1 zuwa 10, kowa da wayarsa. Shafin Rotten Tomatoes kuma mutane na yawan karanta shi a baibai: in ka ga kashi 95, ba ana nufin fim ya ci 95 cikin 100 ba, ana nufin masu sharhi 95 cikin 100 sun ce ba laifi. Fim mai dama-dama da bai ɓata wa kowa rai ba zai iya zarce gagarumin fim da ya raba kan mutane.

Akwai kuma masu auna bugun zuciya. A 2020 wani kamfanin Birtaniya ya ɗaura wa mutum 50 na'ura yana nuna musu finafinai, Sinister na 2012 ya zo na ɗaya. Wannan razanar nan take kawai yake kamawa. Ba ya sanin abin da ya faru bayan mutum ya koma gida ya kashe fitila.

To ku da me kuke aunawa?

Maki 100 ne, a kasa biyar, kuma ba daidai aka raba ba. Tsoron da ke bin mutum gida shi ke da kaso mafi tsoka, 30, kuma ba a ba da makinsa a daren kallo sai bayan kwana uku. Sauti da hoto 25: yadda aka yi amfani da shiru, da duhu, da inda aka ajiye kyamara. Labari da wasa 20, kuma tambayar a nan ɗaya ce, shin ka damu da mutanen nan ko jira kake a kashe su? Tasiri 15, wato finafinai nawa suka kwaikwaye shi daga baya. Ragowar 10 na jure maimaici ne. Fim ɗin da duk ƙarfinsa sirrin ƙarshe ne yakan faɗi a kallo na biyu.

Jini ba shi da maki ko ɗaya, kuɗin da fim ya tara ma haka. Dalilan suna cikin amsoshinsu a ƙasa.

Ku ba mu goman farko.

The Exorcist, sai Psycho. Na uku Alien na Ridley Scott, 1979: mutum bakwai a cikin kumbo da halittar da ba sa gani, kuma ba ƙofar gudu. Mun ɗora shi kan The Shining, wanda ya zo na huɗu, kuma mun san za a yi mana ca. The Shining ya fi shi kyawun hoto, kyamara na bin yaro a kan kekensa cikin lungunan otal, ƙarar taya na ɗaukewa a kan darduma tana dawowa a kan katako. Amma Jack Nicholson, wanda ya fito a uban yaron, tun fitowarsa ta farko ka ga alamar taɓuwa a idonsa, don haka haukan nasa ba ya zuwa da mamaki. Stephen King, mai littafin, shi ma bai ɓoye rashin gamsuwarsa da fim ɗin ba.

Na biyar The Texas Chain Saw Massacre na Tobe Hooper, 1974, minti 83 na zafin rana da ihu da ƙarar injin yanka katako. Na shida Jaws na Steven Spielberg. Na bakwai The Thing na John Carpenter, 1982, inda halittar ke rikiɗa ta zama abokinka, kowa na zargin kowa a tsakiyar ƙanƙara. Na takwas Night of the Living Dead na George Romero, 1968, uban duk finafinan zombi da kuke gani yau, an yi shi da dala dubu 114, jaruminsa baƙar fata ne, Duane Jones. Na tara Ringu na Hideo Nakata daga Japan, 1998, mai kaset ɗin da in ka kalla saura maka kwana bakwai. Halloween na Carpenter, 1978, ya rufe goman.

Nosferatu na Jamus, 1922, ba ya ciki. A tasiri ya cinye makin duka, amma fim ne marar magana, yau ba wanda zai hana barci.

Na kalli Psycho da The Exorcist, ko gezau ban yi ba. Ina girman yake?

Abu uku ke jawo haka. Na farko, ka riga ka ga 'ya'yansu da jikokinsu. A 1960 ba a saba a kashe tauraruwar fim kafin a kai rabi ba, Psycho ne ya yi, yau kuwa kowa ya iya. Na biyu, tsofaffin finafinai suna da jan rai. The Exorcist yana cinye wajen rabinsa a asibiti da hirar uwa da likitoci, kuma da gangan ne: sai an toshe duk wata kafa ta magani sannan abin da ke ɗakin yarinyar zai yi nauyi. Wanda ya danna gaba ya tsallake wannan ya zubar da fim ɗin da hannunsa.

Na uku shi ya fi yawa a wajenmu: kallo a waya da rana tsaka, a gindin bishiya, ana hira a gefe, da kwafin megabait 200. Duba amsoshin sauti da hoto kafin ka yanke wa fim hukunci.

Me ya sa finafinan Turkiyya da Indonesiya suka fi tsorata mutanenmu?

Mutum ya fi tsoron abin da ya yarda akwai shi. Mai shan jini da ke gudun tafarnuwa tatsuniyar Turawa ce, ana kallo ana cin gyaɗa. Aljani da sihiri da sammu kuwa ba sai an yi wa ɗan Babura bayaninsu ba. Siccin na Alper Mestçi, 2014, labarin mace ce da ta je wurin boka don ta raba ɗan uwanta da matarsa. Wa bai taɓa jin irin wannan a unguwarsu ba? Dabbe na Hasan Karacadağ ya faro a 2006, kuma na huɗunsa, na 2013, shi ya fi tayar da hankali. Pengabdi Setan na Joko Anwar daga Indonesiya, 2017, uwa ce marar lafiya da ke kaɗa ƙararrawa in tana neman taimako, ta rasu aka binne ta, ƙararrawar ba ta daina ba. Munafik na Malesiya, 2016, mai ruƙiyya ne da zuciyarsa ta raunana bayan rasuwar matarsa. Under the Shadow na 2016, da harshen Farisa, uwa da 'yarta ne a Tehran lokacin yaƙin Iran da Iraƙi, ga bama-bamai daga sama ga aljani a cikin gida.

Waɗannan, da The Conjuring na James Wan na 2013 da Ringu, su ne jerinmu na biyu, na tsoro zalla a kan bencin gidan kallo. A girma ba duka suka kai ba. Dabbe da Siccin suna dogara da ƙara da girgiza kyamara fiye da kima, kuma kashi-kashinsu maimaici ne. Ban da Ringu, Under the Shadow ne kaɗai zai iya tsayawa a jerin biyu ba kunya. Wasu daga cikinsu ana karanta ayoyi a ciki, abin da jama'a da dama ba sa so a haɗa da nishaɗi, don haka mai gidan kallo ya san mutanen garinsa kafin ya saka.

Finafinan Indiya fa, da muka tashi da su?

Suna da tarihi mai tsawo. Mahal na 1949, da Madhubala da Ashok Kumar, shi ya buɗe ƙofar labarin tsohon gida da mace mai yawo da dare. Nagin na 1976 ya kafa macijiya mai ɗaukar fansa. 'Yan gidan Ramsay suka cika shekarun 1980 da dodanni, irin su Purana Mandir na 1984 da Veerana na 1988. Ram Gopal Varma ya yi Raat a 1992 da Bhoot a 2003, Raaz kuma ya fito a 2002. Abin da ke rage wa yawancinsu maki waƙa ce. An sha wuya an tara fargaba ta minti ashirin, sai a yanke a tafi rawa a kan dutse, a dawo a fara tarawa daga tushe.

Wanda ya kuɓuta shi ne Tumbbad na Rahi Anil Barve, 2018. Ruwan sama ba ya ɗaukewa, mutum na sauka cikin rami da 'yar tsanar fulawa yana yaudarar wata halitta don ya kwashi zinare, har ya koya wa ɗansa sana'ar. Kwaɗayi ne dodon. Shi ne na Indiya da ya fi kusa da goman farko.

Namu na Najeriya da na Hausa ba su da wuri?

A tasiri, Living in Bondage na 1992, da harshen Ibo, ba a tsallake shi: miji ya sadaukar da matarsa don kuɗi, fatalwarta ta hana shi sakat, kuma daga kansa kasuwar finafinan bidiyo ta kudu ta bunƙasa. Nneka the Pretty Serpent ya biyo baya a 1994, The Figurine na Kunle Afolayan na 2009 kuma ya ɗaga darajar hoto. His House na 2020 a Ingila aka yi shi, amma miji da mata ne 'yan gudun hijirar Sudan ta Kudu da maye ya biyo su, kuma Wunmi Mosaku da Sope Dirisu, masu tushe a Najeriya, suka ja shi.

Finafinan Hausa tun Turmin Danya na 1990 sun fi karkata ga soyayya da zaman aure da barkwanci. Boka da aljani suna fitowa, amma a matsayin kayan labari. Ba kayan aiki ne babu ba: ga tsamiyar bayan gari, ga kufai, ga tsohuwar rijiya, ga labaran 'yan ruwa a bakin kogin Haɗejiya. Kuskuren da ake maimaitawa uku ne. Ana haske wuri fes ko da dare ne, ana sa kiɗa daga farko har ƙarshe ba a bar shiru, kuma ana nuna aljanin gaba ɗaya da farar hoda da dariya mai amsa-kuwwa tun minti na goma. Da an ɓoye shi da an ci riba, kamar yadda amsar jini ta nuna.

Fim ɗin da ya fi jini da firgitarwa ba shi ya fi ba?

A'a. Abu uku ne daban: ƙyanƙyami, razana, da fargaba. Ƙyanƙyami jini ke kawo shi, kuma ido na sabawa da shi cikin minti goma. Razana dabara ce mai sauƙi: a rage sauti, a ja hankalinka gefe ɗaya, a saki ƙara daga ɗaya gefen. Ko ƙofa aka buga a bayanka za ka zabura, ba gwanintar darakta ba ce. Fargaba ce mai wuyar ginawa, kuma ita ke bin mutum gida.

Manyan finafinan ɓoyewa suke yi. A Psycho, wurin kisan banɗaki, da ƙyar ake ganin wuƙa ta taɓa jiki, yankan hoto ne da kukan goge, jinin ma ruwan cakulan ne tunda fim ɗin baƙi-da-fari ne. The Texas Chain Saw Massacre, duk da sunansa, jinin da ke cikinsa kaɗan ne. A Jaws, kifin roban da aka ƙera ya yi ta lalacewa a ruwan gishiri, dole Spielberg ya koma nuna duro masu ruwan ɗorawa suna gudu a kan teku da kiɗan John Williams mai sauti biyu. Lalacewar injin ce ta gyara fim ɗin.

Yaya za a saita sauti a gidan kallo?

Fara da janareta. A kai shi bayan katanga, taku ashirin ko fiye, da waya mai kauri don kada wuta ta ragu a hanya. Mai sola da inbata ya ajiye batir don fim ɗin ban tsoro, ƙwallo ta ci janareta. A Quiet Place na 2018 kusan duka shiru ne, in inji na kuka a bakin ƙofa ka yi asarar minti 90. Daren da hadari ya haɗo ma a ɗaga, ruwa a kan kwano ba ya barin a ji komai.

Sifikar jikin talabijin ba ta fitar da gurnanin ƙasa-ƙasa da ake dasa fargaba da shi. A sa sifika biyu dama da hagu daidai kunnen wanda ke zaune, da wufa a ƙasa, nesa da bangon langa-langa don kada ya riƙa karkarwa. In kana jin kiɗa da ƙara amma maganar 'yan wasa ta nutse, sautin fayil ɗin na sifika shida ne, maganar tana layin tsakiya da ba ka da shi. Shiga saiti ka mayar da shi Stereo. Ka kashe Auto Volume ko Night Mode, domin aikinsu daidaita shiru da ƙara ne, a nan kuwa tazarar da ke tsakaninsu ake nema. A daidaita murya a wurin da ake hira, sannan a ajiye rimot. Mai kallo a waya ya sa iyafis a kunne biyu.

Hoton yana yin duhu da dabbare-dabbare, ba a ganin komai. Mene ne matsalar?

Yawanci matse fayil ne. In aka matse fim, wuraren duhu ne ke fara lalacewa, su koma murabba'ai masu toka-toka, kuma a nan ne darakta ya ɓoye abin tsoron. A Hereditary na 2018 akwai wurin da mace ke maƙale a kusurwar silin, a cikin duhu, bayan yaron da ya farka daga barci. A kwafi mai kyau sai idonka ya saba sannan ka gano ta, gabanka ya faɗi. A kwafin megabait 200 baƙin bango kawai za ka gani. Fim mai minti 90 zuwa 120 kada ya gaza megabait 700 in a waya ne, gigabait ɗaya da rabi in talabijin ce babba. A tura ta Xender ko ta waya daga kwamfuta. Manhajojin hira suna sake matse bidiyo, sai in an aika shi a matsayin fayil.

A talabijin, fita daga Vivid ka koma Movie ko Cinema. Tsayar da fim a wuri mai duhu, ka rage Brightness har baƙaƙen layukan sama da ƙasa su zama baƙi wuluk, sannan ka ƙara kaɗan-kaɗan har ka fara ganin ninkin rigar ɗan wasa. Layukan nan kuma a bar su. Masu danna Zoom don hoto ya cika allo suna yanke gefe da gefe, alhali Halloween da Alien da The Thing da Jaws duk masu faɗi ne. A Halloween farar fuskar makashin daga gefen hoto take ɓullowa a hankali a bayan yarinyar. In ka yanke gefen ka yanke shi. A kashe ƙwan ɗaki, a toshe hasken ƙofa da buhu.

Fassarar Hausa tana ƙara wa fim ko tana rage masa?

Ya danganta da fim ɗin. Mai labari da yawan magana, irin Get Out ko Tumbbad ko Train to Busan na Koriya, 2016, fassara na taimakonsa, don wanda bai fahimci abin da ake ciki ba ba zai damu da kowa ba. Matsala na zuwa ta hanya biyu. In aka danne sautin asali don a ɗora murya, kiɗa da numfashi da takun ƙafa suna tafiya tare da shi. Sannan mai fassara yakan ji nauyin barin shiru, sai ya cike shi da barkwanci, benci ya fashe da dariya daidai inda ya kamata a yi tsit. Wajen ba da maki, a kalli na asali, ko a rubuta a takarda cewa mai fassara aka kalla, kada a gwama makinsu.

Kuɗin da fim ya samu ko kyautar Oscar ba hujja ba ce?

Rabin hujja ce. It na 2017 ya tara sama da dala miliyan 700, ba wanda ke sa shi a goman farko. The Thing ya fito a Yunin 1982, mako biyu bayan fim ɗin E.T., ya faɗi a kasuwa, masu sharhi suka yi masa kaca-kaca, yau kuma ga inda yake. Paranormal Activity da dala dubu 15 aka ɗauke shi ya tara kusan miliyan 200, wannan labarin kasuwanci ne.

The Exorcist ya shiga takarar Oscar a rukuni goma ya ci biyu, na rubutu da na sauti, kuma shi ne na ban tsoro na farko da ya nemi kyautar fim mafi kyau. The Silence of the Lambs ya cinye manyan kyaututtuka biyar. Amma Psycho bai ci ko ɗaya ba, The Shining ko takarar bai shiga ba.

Da gaske ne wasu labarin gaskiya ne?

Yawanci talla ce. Psycho da The Texas Chain Saw Massacre sun ɗan tsakuro daga labarin Ed Gein, wanda aka kama a Wisconsin a 1957, amma ba a Texas yake ba kuma ba da injin katako ya yi kisa ba. William Peter Blatty ya gina littafin The Exorcist kan rahoton wani yaro na 1949, ya mayar da shi yarinya. The Blair Witch Project na 1999 ƙirƙira ce tsantsa, an dai baza cewa 'yan wasan sun ɓata don a ja kasuwa. Wannan ba ya ƙara maki.

Muna so mu yi namu jerin a garinmu. Ta ina za mu fara?

A samu mutum bakwai ko tara, a gauraya samari da magidanta. Ɗaki ɗaya, kayan kallo ɗaya, lokaci ɗaya, bayan isha'i. Fim biyu a mako ya isa, fiye da haka jiki na sabawa, na ƙarshe ya cutu. Kowa ya rubuta makinsa a takarda ya ninke kafin a buɗe baki. Wannan sharaɗin shi ne ginshiƙi, domin saurayi ba zai amsa ya ji tsoro a gaban abokansa ba, kuma da mai babbar murya ya ce "wannan ai wasan yara ne", sauran sun bi. Bayan kwana uku a karɓi makin tsoron da ke bin mutum gida. A jefar da maki mafi sama da mafi ƙasa, a raba ragowar. In biyu suka yi kunnen doki, wanda ya riga fitowa ya hau.

Mai gidan kallo yana da wata shaidar da takarda ba ta da ita. Ya tsaya a bakin ƙofa in an tashi. Ya ga wa ya kunna tocila tun kafin ya fita, wa ya tsaya ɗaure takalmin da ba shi da igiya har 'yan unguwarsu su fito, wa ya zagaya ta bakin titi don kada ya bi ta maƙabarta.

Wanne za a iya sakawa a bainar jama'a?

Girma a jeri ba izinin nunawa ba ne. The Exorcist yana da ashar da wurare masu muni ƙwarai, kada kiran sallar da ke farkonsa, inda aka nuna Iraƙi, ya ruɗe ka. The Shining da Halloween suna da tsiraici. The Thing ba shi da wannan, amma halittunsa na tayar da zuciya. The Conjuring, A Quiet Place, Under the Shadow da Train to Busan sun fi sauƙin sakawa ga manya. Mai gida ya kalli fim shi kaɗai daga farko har ƙarshe tukuna, ya kuma tuna a Kano akwai Hukumar Tace Finafinai tun 2001, gidajen kallo na ƙarƙashin dokokinta. Yara kuwa ba a saka musu ko ɗaya, kuma mai turi ya tambayi wayar wa zai tura wa, don wayar uwa a hannun yara take kwana.

Na karɓo fim, ashe ba shi ba ne. Yaya zan gane na asali?

Shekara da tsawon minti za ka duba, suna kaɗai ba ya isa. Halloween uku ne masu suna ɗaya, na 1978 da 2007 da 2018, na jerin shi ne mai minti 91. The Thing akwai na 1982 da na 2011. Psycho mai kala na 1998 ne, na asali baƙi-da-fari ne. The Ring na 2002 kwaikwayon Amurka ne na Ringu, ba laifi, amma ba shi muka jera ba. The Exorcist yana da mai minti 122 da wanda aka ƙara wa kusan minti goma a 2000. The Shining yana da na Amurka mai minti 144 da na Turai mai 119, don haka in ka ga gajeren ba mai turi ne ya yanke maka ba, Kubrick ne da kansa.

Sababbin finafinai ba za su shiga goman ba?

Sai sun shekara goma. Ba a iya auna tasiri da jure maimaici a fim ɗin bara, kuma sabon abu kullum ya fi zafi a ido. Kafin nan suna zama a jerin jira. Get Out na Jordan Peele, wanda ya ci Oscar ta rubutun labari, zai cika goma a 2027, Hereditary da Tumbbad a 2028. In ɗayansu ya shiga, Halloween ne zai fara ba da wuri.